Mai Gadin da Na Cire wa Batir

Tsit. Sai shiru, har mutum ya manta, sannan ya sake: tsit.

Kwana biyu na yi ina neman gyare a sashen baƙina. Na janye kujeru, na ɗaga katifu, na fesa maganin ƙwari har na shaƙe kaina. A rana ta uku ina tsaye a korido da tsintsiya sai kukan ya fito daidai saman kaina. Na ɗaga ido. Ashe ba gyare ba ne, farin abin nan ne mai kama da murfin kwano, wanda ɗana Bulus ya kawo daga Abuja ya manna a silin. Alam ɗin hayaƙi, mai kuka in ya ji alamar gobara. Na kira shi a waya, ya yi dariya ya ce, "Mama, yunwa yake ji. Batirinsa ya kusa ƙarewa. Ki sayi sabo yau ɗin nan, irin mai kusurwa huɗu." Na ce to. Na hau kujera na cire tsohon don kada ya dami baƙi, na mayar da murfin.

Abin da ya sa nake rubuta wannan, Saratu 'yar ƙanwata ce da ƙawayenta biyu. Sun zo mini wata Asabar, suna so su gyara ɗakunan bayan gidan iyayensu, su sa hotuna a waya, baƙi su riƙa sauka na kwana biyu ko uku kamar yadda nake yi a nan Kafanchan. Saratu ta ce, "Mama Babba, ai aikinki ba wuya. Zanen gado mai kyau, labule, a ɗauki hoto, shi ke nan sai a zauna ana jin shigowar kuɗi a waya." Ƙawayen suka yi dariya. Na ba su kunu, na nuna musu yadda ake naɗe tawul, suka tafi. Abin da ya kamata in faɗa musu ya ƙi fitowa daga bakina. To ga shi a takarda.

Na koyi aikin nan a hannun Mama Kande, yayar mahaifin mijina, wadda ta riƙe ɗakunan saukar ma'aikatan jirgin ƙasa a kusa da tasha, lokacin da jirgi yake jirgi. Ina amarya, ban daɗe da gama sakandare ba, ina ganin babu abin da tsohuwa za ta koya mini a kan shara da shimfiɗa. Ranar farko ba ta ba ni tsintsiya ba. Ta ce in kwanta a gadon ɗaki na uku, ta ɗaure mini ido da ɗankwalinta, ta ce, "Tashi ki fita waje." Na tashi, na buga ƙauri a tebur, na laluba bango har na kama ƙofar bayan gida maimakon ta fita. Da ta kwance mini ido ba ta yi mini faɗa ba. Teburin ta ja ta kai ɗaya gefen. Ta ce, "Ke kin san gidanki ko a duhu. Baƙo bai san shi ba. In hayaƙi ya rufe masa ido, abin da kika shirya tun kafin ya zo, shi kaɗai yake da shi."

Mama Kande ba ta taɓa ganin alam ba har ta koma ga Ubangiji. Hancinta ne alam ɗinta. Duk ɗakin da baƙo ya bari sai ta tsaya a bakin ƙofa ta shaƙa, ta duba lagwanin fitila, ta taɓa risho, ta leƙa ƙarƙashin gado ko akwai guntun taba. Bokitin yashi yana bakin kowace ƙofa, kuma wanda ya tofa yawu a ciki ranar zai ji sunan kakansa.

Da Baban Bulus ya yi ritaya daga koyarwa, muka gyara ginin bayan gidanmu: falo, ɗaki biyu, korido da ɗan kicin. Ƙofa ɗaya a gaba ta falo, ɗaya a baya ta ƙarshen korido, wadda take buɗewa waje zuwa wata baranda mai ƙyauren ƙarfe. Bayan shekarun tashin hankali kowa a unguwarmu ya sa ƙarafa a taga, mu ma muka kira maƙwabcinmu Malam Sani mai walda. Yana cikin aiki ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce, "Maman Bulus, in bar miki ɗaya mai buɗewa ta ciki?" Na ce a'a, abin da yake buɗewa ta nan ɓarawo yake shiga. Ya ce to, ya liƙe su duka.

Kowane irin baƙo da irin wutarsa. Masu zuwa jana'iza, an ce mutum huɗu, sai ki ga goma sha biyu, an shigo da ƙaramar tukunyar gas an ɗora shinkafa a tsakiyar ɗaki kusa da katifa. Masu sayen citta daga nesa, taba, da jarkar fetur ɗin mota a bayan ƙofa. Matasan da suke zuwa hawan dutse ko kallon ruwa mai gangarowa, su wuce Nok ko Kajuru su ɗauki hoto, waya takwas a soket ɗaya, ga garwashin shisha a kan kafet. Matan biki kuma dutsen guga da abin busar da gashi. Amma babbar matsalar kowa ɗaya ce: a nan ana ɗauke wuta mutum yana tsakiyar aiki, ya yi tsaki ya tashi ya bar abin a jone, wutar ta dawo babu kowa.

Saboda haka kafin baƙo ya zo akwai zagayen da nake yi. In kaɗa omo a kofi, in shafa kumfar a wuyan tukunyar gas da tiyo, in ya yi ƙwai-ƙwai akwai yoyo. In duba jan tulun kashe wuta, ko allurarsa tana kan kore. In taɓa kowane soket da bayan hannu, in shinshina ko akwai ƙaurin roba. Tocila a gefen kowane gado. Bokitin yashi irin na Mama Kande. In baƙo ya iso kuma in zaga da shi da kaina in nuna masa komai, ko yana sauri. Shekara tara ina haka babu abin da ya taɓa faruwa. Ina jin wannan shi ya lalata ni.

Batirin alam ɗin na saye shi kuwa. Ranar Asabar a kasuwa, na jefa shi cikin jakar cocina da niyyar in sa shi bayan sujada. Ranar Lahadi zumuntar mata ce da waƙa, mun jeru da kayanmu iri ɗaya, masu tulu sun fara bugawa, sai makirufo ya mutu. Shugabarmu, Maman Ladi, tana jujjuya shi tana bubbugawa, masu kula da na'ura suna kallon juna. Sai na tuna. Na buɗe jaka na miƙa. Irinsa ne daidai. Muka yi waƙa har fasto ya tashi tsaye. Da aka tashi mata suna ta ce mini, "Jakar Maman Bulus ba abin da babu a ciki." Na ji daɗi. Har na ce a raina na yi wa Allah hidima. Ban sayi wani ba. Abin yana nan a silin fari fes, ba ya kuka, ba ya damun kowa, kuma duk wanda ya ɗaga ido zai ga gida mai alam.

A shekarar ce cuta ta cinye citta a gonaki. Ta gonarmu a ƙauye ta ruɓe a ƙasa, sai ɗan abin da muka tsira da shi muka shanya, buhu goma sha ɗaya. Farashi yana ta hawa, ana ta labarin fasa sito. Na duba duk gidan ban ga wuri mai ƙarfi kamar barandar bayan sashen baƙi ba. Na sa aka jera buhunan a can, sun jingina da ƙofar baya, na rufe ƙyauren da kwaɗo, makullin yana jakata. Na ce na sati biyu ne. Wata biyu suka wuce.

Cikin Disamba wata nas mai suna Hannatu ta zo daga Abuja, bikin autansu za a yi a Samaru Kataf. Ta zo da mahaifiyarta, Kaka Tabita, mai ciwon gwiwa, da 'yarta Godiya, 'yar shekara shida, mai giɓi a gaba da tambaya ba hutu. Na zaga da su kamar kullum. Hannatu ta murɗa ƙofar baya ta ji ta a toshe.

"Mama, wannan fa?"

"Kaya ne a baya, gobe za a kwashe."

Godiya kuwa silin take kallo. Ta ja mini zane. "Mama, wancan fitila ne?"

Na durƙusa daidai tsawonta, don ina son yara, kuma na saba faɗin wannan maganar. Na ce, "Mai gadinku ne. Ba ya barci. In wuta ta tashi shi zai fara ji, ya yi kuka har kunnenki ya yi zafi. In kin ji kukansa, ki kama hannun Kaka ku fita waje."

"In bai yi kuka ba fa?"

"To babu wuta ke nan, sai ki yi wasanki."

Ina faɗa ina sane da cewa babu komai a cikinsa. Na ce a raina gobe in na je kasuwa.

Ranar Juma'a, jajibirin biki, Hannatu ta sa hitar dafa ruwa cikin bokitin roba don ta gasa wa Kaka gwiwa. Ta jona a soket ɗin falo kusa da ƙofa, ƙarƙashin labule. Ruwan bai yi zafi ba aka ɗauke wuta. Motar Samaru tana jiranta a waje tana oda, sai ta juye ruwan a tukunya ta ɗora a gas, ta gasa wa tsohuwar, ta ba ta magani, ta fita da sauri. Kaka ta kwanta a ɗakin ciki, barci ya ɗauke ta. Godiya tana korido da 'yar tsanarta. Bayan azahar aka kawo wuta.

Ni ina coci, muna koyon waƙar Kirsimeti, ni ce mai bayarwa, makirufon nan yana hannuna. Wayata tana jaka. Sai na ga mata suna juyawa. Maman Aisha ce, matar Malam Sani, da hijabinta, tana tahowa ta tsakiyar kujeru. Shekara ashirin muna maƙwabtaka ba ta taɓa taka cikin cocinmu ba. Ta zo har gabana ta ce, "Maman Bulus, sashen baƙinki yana hayaƙi. Ina makullin baya?"

Ban san yadda na hau acaɓa ba. Da na iso, ƙofar gaba ba ta shiguwa, labule da soson kujera suna ci, hayaƙi baƙi ƙirin yana fitowa ta ƙarƙashin rufi. Baban Bulus yana ƙauye. Malam Sani ya riga ya yanke wutar gidan daga mita, bai jira makullina ba, ya fasa kwaɗon da guduma. Amma buhunan suna nan. Maza uku suna ja, barandar ƙunci, sai ɗaya bayan ɗaya. Na zaga ta tagar ɗakin ciki. Kaka ta rufe ƙofar ɗakin, ta ɗaga yarinyar ta manna fuskarta a ƙarafan don ta sami iska, ita kuma tana tari a bayanta. Hannuwan tsohuwar sun fito ta tsakanin ƙarafan da na ce a liƙe. Ta ce, "'Yata, ku ɗauki yarinyan, ni ku bar ni." Babu ta inda za a ɗauki yarinyar.

Na koma baranda na kama buhu. Wani ya yage, citta ta zube, muna takawa muna zamewa, yajinta da hayaƙi suna shiga ido. Da aka janye na ƙarshe Malam Sani ya fisgi ƙofar, ya lulluɓa da jiƙaƙƙen bargo ya shiga a sunkuye. Ya miƙo mini Godiya, ya koma ya goyo Kaka. Maƙwabta suka kashe sauran da yashi da ruwa da jan tulun kicin ɗina. Falon ya tafi. Mutum bai mutu ba.

Kaka Tabita ta kwana biyar a asibiti ana sa mata iska. An ɗaura auren autanta tana kwance, a waya aka nuna mata. Ankon da aka ɗinka mata yana cikin akwati a falo, ya ƙone. Tarin kuma na ji bai rabu da ita ba har yau.

Da yammar ranar gobarar Hannatu ta same ni a barandar asibiti. Tana ganina ta zube a kan gwiwoyinta gaban mutane, babbar mace, nas guda. Ta ce, "Mama, ki gafarta mini. Ni na bar hita. Na ƙona miki gida, na kusa kashe uwata da 'yata." Na ɗaga ta. Na share mata hawaye da bakin zanena. Na ce, "Ba komai, Ubangiji ya kiyaye." Abin da na ce ke nan, ban ƙara ko kalma ɗaya ba.

Ranar Lahadi fasto ya kira ni gaba. Ya ce ga mace mai ƙaunar baƙi, wadda ta ja buhuna kamar namiji har farcenta ya cire. Aka tafa. Mata suka rako ni da rawa na kai baikon godiya. Aka ba ni makirufo in yi shaida, na karɓa na yi, muryata tana fita tangaran.

Ranar Litinin wani jami'in kashe gobara ya zo duba wurin, dattijo mai furfura a gemu. Ya dubi narkakken bokitin, ya dubi tagogi, ya tsaya ya daɗe a baranda inda citta take a warwatse. Sannan ya ja kujera ya hau, ya murɗo alam ɗin. Gefensa ya yi baƙi amma bai narke ba. Ya buɗe. Ya duba ciki. Maƙwabta suna tsaye a tsakar gida, sai ya juya musu baya, ya sa mini shi a tafin hannu. A hankali ya ce, "Madam, hita mantuwar baƙo ce. Baƙo zai yi mantuwa, yau ko gobe, ba ki da iko a kan wannan. Amma abin da zai tashe shi, da inda zai bi ya fita, naki ne. Ba na kowa ba." Na ce na ji, ranka ya daɗe.

To Saratu, ga aikin da kika ce ba wuya. Yanzu alam uku ne a sashen, kuma duk baƙon da ya sauka, a gabansa nake danna maɓallin da sandar tsintsiya, ya yi ihu mu toshe kunne tare. Batir biyu suna cikin durowar kicin, ba sa shiga jakata. Ƙofar baya sakata ce kawai ta ciki, wadda yaro zai iya zarewa, kuma ko tsintsiya ba na jinginawa a barandar. Hitar bokiti ba ta shiga gidana. In baƙo yana son ruwan zafi ni nake kawo masa a fulas. Na rubuta a jikin ƙofa da Hausa da Turanci: in an ɗauke wuta a zare komai. Na ƙi karɓar mutum goma a wurin mutum huɗu ko da 'yan cocinmu ne, an yi fushi da ni a kan haka ba sau ɗaya ba. Malam Sani ya yanke ƙarafan ɗakunan kwana ya sa musu abin buɗewa ta ciki. Ya yi aikinsa bai tuna mini da maganarsa ta da ba. Maman Aisha ce ta tuna mini, tana dariya: "Yanzu kuma ɓarawon ta ina zai bi?" Sau ɗaya a wata nakan kwanta a gadon ɗakin ciki, in ɗaure idona da ɗankwali, in tashi in nemi hanya. In kuna so ku fara, ku zo in ɗaure muku ido tukuna. Hoton ya jira.

Na faɗa wa Hannatu gaskiya kafin su koma Abuja. Batirin, makirufon, buhunan, da goben da na yi ta cewa. Ta saurare ni har ƙarshe tana kallon ƙasa. Sannan ta ce, "Kin bar ni na durƙusa miki." Ba ta sake sauka a gidana ba, kuma ban ga laifinta ba. Na faɗa wa Baban Bulus, na faɗa wa matan zumunta a ranar koyon waƙa, a tsaye, ba da makirufo ba. Maman Ladi ta ce ai Shaiɗan ne. Na ce a'a, ni ce.

Kada ku ɗauka tsoron Allah ne ya buɗe mini baki, ko maganar jami'in nan. Na so a ce haka ne. Bayan ya tafi na ɓoye alam ɗin a ƙasan akwatina, na yi niyyar in bar maganar a nan.

Washegari, Talata, na dama kunun gyaɗa na kai asibiti. Hannatu ta fita sayen magani, Kaka tana barci da roba a hanci. Godiya tana zaune a ƙarshen gadon tana kaɗa ƙafa. Na zuba mata kunu a kofi, na hura, na miƙa. Ta sha kaɗan, ta dube ni, babu fushi ko kaɗan a fuskarta. Bayani kawai take so ta yi mini, kamar yarinyar da take gudun a ce ba ta ji magana ba.

Ta ce, "Mama, na ga hayaƙin tun yana ƙarami. Na so in tashe Kaka mu fita ta gaba. Amma kin ce in wuta ne mai gadi zai yi kuka. Sai na zauna a ƙarƙashinsa ina jiransa."